Gimbiya Ta Ƙi Tashi

Litinin, da hantsi

Yau ma Gimbiya ta ƙi tashi. Gimbiya motar maigidana ce. Ni na raɗa mata sunan tun ranar da ya kawo ta, da na ga ana goge ta da tawul ɗin da ya fi nawa laushi. Shi kuwa Direba nake ce masa, don a kan babbar mota ya ƙarar da ƙuruciyarsa, har yau in yana barci ƙafarsa takan taka birki a kan katifa.

Shiru ne ya fito da ni daga kicin. Kullum da safe sai ya shiga, ya rufe ƙofa, ya gyara madubi, ya murɗa makulli, ta yi tari ta kama. Yana da doka tun muna da baƙin gashi: in zai tayar da mota ba mai shiga, ba mai magana, kowa ya ja baya, wai yana sauraron inji. Ko ni sai ta ɗumama yake miƙo hannu ya buɗe mini ƙofa. To yau ya murɗa, 'yan fitilun gaban sitiyari suka kawo, ja da rawaya, amma ita ko uffan. Ba tari, ba atishawa.

Na ce, "Direba, ko ka ɓata mata rai ne jiya?"

Ya ce, "Koma ciki, shayinki zai ƙone."

Ni dai ban taɓa ganin shayin da ya ƙone ba, amma na koma.

Talata, da safe

Ta tashi, bugu ɗaya. Ya fita yana hura hanci kamar shi ya ƙera ta.

Talata, da yamma

Hukuma ta zo. Babbar 'yarmu ke nan, tun tana rarrafe take ba da umarni. Ko jaka ba ta ajiye ba ta fara. Wai an gaya mata wancan mako motar ta mutu wa ubanta a tsakiyar mararraba, ta ƙi tashi, masu mota suna ta danna masa hon har sai da aka tura shi gefe. Ni ban ma san da wannan ba. Na dube shi, ya dubi silin.

Ta ce, "Baba, motar nan ta gaji. Akwai wani a wurin aikinmu yana son ta. In ƙarshen wata ya yi ba ta gyaru ba, zan turo shi ya ɗauka. Duk inda za ku sai a kai ku."

Ya ce, "Ban mutu ba an fara rabon gado."

"Haba Baba, ni haka na ce?"

"A kai ni! Ni buhu ne?"

Na sa baki na ce in buhu ne ma, to na gishiri ne, ba mai iya ɗagawa. Ba wanda ya yi dariya sai ni.

Hukuma ba ta san abin da take taɓawa ba. Kowace safiya Direba yana tuƙa kansa zuwa bakin tasha, inda tsofaffin direbobi suke da bencinsu. Can suke zama su yi ta gyara wa masu wucewa tuƙi da baki. Duk cikinsu shi kaɗai ya rage mai zuwa da motarsa. Ranar da aka ɗauke Gimbiya, an ɗauke masa gari gaba ɗaya, saura ni da bango.

Laraba, da hantsi

Ta ƙi. Aka kira Bakanike.

Bakanike shi ne yaron motar Direba a zamanin babbar mota. Yanzu ga furfura a gemu, ga garejinsa na kansa, amma har yau in ya ga maigidansa sai ya rusuna. Direba ya fito daga kujera ya miƙa masa makulli. Bakanike ya zauna, ya murɗa. Gimbiya ta yi tari ta kama, lafiya lau, har da wani lumshi kamar kyanwar da aka shafa.

Bakanike ya ce, "Maigida, ai kalau take."

Direba ya ce, "Baƙo ta gani."

Na ce, "Halin gidan ke nan. Ku ma in baƙo ya zo ba a jin muryarku."

Bakanike ya danne dariya, ya buɗe murfin inji, ya ce kan batir ya yi wani farin gari. Ya ce in kawo ruwan zafi. Na kawo a butar shayi, ya zuba, abin ya yi kumfa, ya kankare, ya ɗaure da sifana. Ni abin ya burge ni. Ashe mota ma wanka da ruwan ɗumi take so, kamar mu.

Alhamis, da safe

Ta tashi. Bakanike gwani ne.

Juma'a, da safe

Ta ƙi. Na janye maganar jiya.

Juma'a, da yamma

Abin ya fara ba ni sha'awa fiye da haushi. Ciwo in ciwo ne ya kamata ya tsaya a gan shi. Wannan kuwa zuwa yake ya koma, kamar maƙwabciyar da ke aron turmi. Na zauna na yi ta lissafi. Sanyin safiya ne? Ranar Talata an fi sanyi kuma ta tashi. Mai ne babu? Allurar tana tsakiya, na leƙa ta taga na gani. Na ma zargi baƙar hularsa, don ranakun da ta ƙi duk ita ya sa. Na ɓoye hular a ƙarƙashin kayan guga, mu ga.

Ya zo shiga ɗaki ɗazu silifas ɗinsa na hagu ya zame a bakin ƙofa, ya wuce abinsa da ƙafa ɗaya a sake. Sai da na ce, "Direba, ka bar fasinja a tasha," sannan ya waiwayo. Silifas ɗin ya tsufa, zan sa a sayo wani.

Asabar, da safe

Da farar hula ma ta ƙi. Na mayar da baƙar, na nemi gafararta.

Lahadi, bayan azahar

An sa sabon batir. Bakanike da kansa ya ɗauko shi a kafaɗa. Ya ɗaura, ya zauna, ya murɗa, ta kama. Kullum haka ake yi: yana isowa Direba zai fita ya ba shi wuri, ya koma inuwa ya harɗe hannu a baya yana ba da labarin yadda ya taɓa gyara babbar mota da cokali a tsakiyar daji. Na ji labarin nan har na iya shi da waƙa. Wancan karon da wuƙa ne.

Takwara ta zo hutu. Jikata ce, 'yar Hukuma, sunana aka sa mata amma tsawona ba a ba ta ba, guntuwa ce kamar turmi. Ta koyi mota a can makarantarsu, ta zo tana kaɗa katin tuƙinta a fuskar kakanta.

Ya ce, "Wannan katin da alawa aka ba ki shi."

Ta ce, "Tsoho, ba ni makulli in nuna maka yadda ake lallashin mata."

Ya ba ta don ya ga ta kunyata. Ta ja kujera gaba har gwiwarta na taɓa sitiyari, ta murɗa, Gimbiya ta amsa. Suka zaga unguwa, yana gefe yana taka birkin da babu.

Litinin, da safe

Ta tashi masa. Amma ya fita yana mita, wai yarinyar nan ta matse masa kujera kamar an sa shi a kwali. Yana sauri, bai tsaya gyarawa ba.

Talata, da safe

Ta tashi.

Na ji wani abu da ya fita. Da zai sa giya sai da ta yi ƙara, irin ta niƙa tsakuwa. Shekarun da na yi da mutumin nan ban taɓa jin giya ta yi kuka a hannunsa ba. Shi ne mai cewa direban da giyarsa ke kuka a ba shi jaki. Wataƙila kunnena ne.

Laraba, da hantsi

Jiya da yamma ya wanke ta, ya mayar da kujerar baya inda ya saba, har yana cewa yanzu ne ya dawo motarsa.

Yau ta ƙi.

Bakanike ya zo ya kwance kik, wato abin da ke juya inji in an murɗa makulli. Ya tafi da shi gareji, ya dawo da shi yana ƙyalli. Ya ce bai sami komai a ciki ba, amma ya wanke ya sa mai. Ya zauna, ya murɗa, ta kama. Na ga ya share zufa yana satar kallon maigidansa. Tausayi ya ba ni. Likitan da duk ya zo mara lafiya ya miƙe yana rawa, me zai rubuta?

Na ce masa, "Ɗana, ko ka tare a gidan nan ne? Da kai kaɗai take shiri."

Ya ce, "Mama, da ta ƙi sau ɗaya a gabana, da na kama ta."

Na so in ce to ka bar shi ya murɗa kana kallo mana. Amma wa zai ce wa Direba zauna in ga yadda kake tayar da mota? Mutumin da ya koya masa riƙe sifana?

Alhamis, da yamma

Na lulluɓe mata murfin inji da tsohon bargo tun jiya, ko sanyi ne. Da safe ta ƙi, ga shi kaji sun kwana a kan bargon sun bar mini tukuici.

Abin da ya faru a banɗaki yau ba zan rubuta shi ba. Sabulu ne ya kayar da shi, in ji Direba. Na canza wa sabulun wuri.

Juma'a

Hukuma ta bugo waya. Saura mako da 'yan kwanaki, in ji ta. Na ce mata an kusa gano abin. Ta ce Mama kullum haka kike cewa. Na ce ke ma sai da muka yi wata tara muna cewa an kusa.

Asabar, bayan azahar

Bakanike ya zo da Rewaya, mai gyaran wutar mota. Siriri ne, kansa ya shige ƙarƙashin sitiyari ƙafafunsa na waje, yana ta magana daga can ciki kamar mai wa'azi a rijiya. Ni na kawo kujerata kusa, da wakena da nake tsincewa, don ba na son a ba ni labari.

Ya duba fis ɗin wuta, ya ce lafiya. Ya duba wurin makulli, lafiya. Sai ya ce, "Akwai wani ɗan maɓalli a nan bayan kuloci. Irin wannan motar, in ba a taka kuloci ya kai ƙasa ya danna shi ba, ko shekara za a yi ana murɗawa ba za ta ce komai ba."

Na ce, "Wanne ne kuloci a cikin ukun?"

Ya ce, "Na hagu, Mama."

Direba ya ce, "Me za ki yi da shi? Miya za ki sa?"

Rewaya ya danna maɓallin da yatsa ya gwada, ya ce shi ma lafiyarsa ƙalau. Ya fito yana karkaɗe riga. Ya ce shi dai bai ga laifin komai ba, amma in ana so, zai iya haɗe wayoyin maɓallin nan biyu, a huta. Daga ranar ko an taka ko ba a taka ba, tana jin makulli za ta tashi.

Direba ya ce, "Haɗe su yanzu."

Da sauri ya faɗa. Ya fi saurin da ya yi ranar da aka tambaye shi ko yana so na.

Rewaya ya ce bai zo da abin naɗe waya ba, kuma gobe zai yi tafiya. Sai Asabar mai zuwa. Mai sayen da Hukuma za ta turo kuma Lahadi.

Na gama tsince waken ban san na zuba tsakuwar a cikin mai kyau ba.

Lahadi, da safe

Ta tashi. Yau ya yi tafiyarsa garau daga ɗaki har mota, na lura.

Litinin, da hantsi

Na karya doka.

Na riga shi fita, na buɗe ɗaya ƙofar na zauna da jakata a cinya. Ya zo ya tsaya.

"Me kike yi a nan?"

"Kasuwa za ni."

"Sauka sai ta ɗumama."

"Gwiwata ta riƙe. In na sauka sai dai a ɗauko ni."

Ya yi tsaki ya shiga. Ya gyara madubi, ya gyara hula, ya sake gyara madubin da ba abin da ya same shi. Yana kai hannu makulli na saki ɗan kunnena ƙasa, na sunkuya nema.

Ya murɗa. Shiru.

Na daɗe a ƙasan nan fiye da yadda neman ɗan kunne yake bukata.

Da na ɗago ya ce, "Kin gani ko? Kin shigo kin ɓata mata lissafi."

Na ce, "Haka ne, laifina ne."

Ban je kasuwa ba.

Litinin, bayan azahar

Ba na son zargi ba hujja. Idona ma ba na yau ba ne, ƙasan sitiyari kuma duhu.

Ya kwanta barcin rana. Na zare makullin daga aljihun rigarsa da ke rataye, na tura Takwara sayen zare a shagon da ya fi nisa. Na shiga kujerar Direba, karo na farko a rayuwata. Tana da ramin jikinsa, na nutse a ciki. Na tabbatar sandar giya tana lilo a tsakiya, don wannan kam na sha jin yana faɗa wa yara. Na zamo gaba, na sa ƙafar hagu na danna har ƙasa, na murɗa.

Wayyo ni! Ta kama. Duk motar ta ɗauki rawa, ni ma na ɗauka. Na kashe da sauri ina waige-waige kamar wadda ta saci nama a tukunya.

Sai na sake. Wannan karon na taka rabi, daidai inda na ga ƙafarsa ta tsaya da safe. Na murɗa.

Fitilu ja da rawaya. Ko uffan.

Na taka har ƙasa, ta kama. Na taka rabi, shiru. Na yi ta yi kamar yarinya ta sami abin wasa, har dariya ta kama ni, wai ni ce yau nake sa Gimbiya magana da shiru yadda na ga dama. Ban san lokacin da dariyar ta juye ba. Na zauna riƙe da sitiyari har Takwara ta dawo da zaren. Na ce mata ƙura nake gogewa.

Motar nan lafiyarta ƙalau. Batir, kik, ruwan zafi, bargo, hula, duk mun yi wa mai lafiya jinya.

Talata

Ta tashi. Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba. Na tsaya a ƙofa har ya sha kwana, ina sauraron giya.

Talata, da yamma

Na ɗauki takalmansa na fita zan goge. Na hagu bakinsa ya cinye, na dama kamar sabo. A gabana ake jan ƙafar nan, ni kuma ina can ina tuhumar hula.

Laraba, da hantsi

Ta ƙi. Ya dawo ya zauna a falo, ya ce ba komai, Asabar ta kusa.

Ni ma Asabar ɗin nake tunani. In Rewaya ya haɗe wayar, Gimbiya za ta riƙa tashi kullum. Hukuma ta sallami mai saye, Direba ya ci gaba da zuwa bencinsa, kowa ya ce an gyara. Sai ya riƙa fita titi da ƙafar da yau tana jinsa gobe ba ta ji, ba mai tsayar da shi. Duk gidan nan motar ce kaɗai ta iya ce masa a'a.

In kuma na gaya wa Hukuma, kafin in rufe baki an ɗauke mota, an ɗauke shi, an kafa masa dokoki a bango. Ba zai yafe mini ba, kuma ni da shi za a bari.

Abin da na kasa ganewa, ya sani ko bai sani ba? Wani lokaci in ce ya sani, saboda saurin "haɗe su yanzu". Wani lokaci in ga yadda yake kallon murfin inji da gaske, kamar mai jiran ta ba shi haƙuri.

Alhamis, da safe

Ta ƙi. Na dafa masa ƙwai, na sa gishiri sau biyu.

Alhamis, da yamma

Na gwada ta baki. Na ce, "Direba, ƙafar nan taka fa?"

Ya ce, "Wacce? Biyu gare ni."

"Ta hagu."

"Tana gaishe ki."

Wai ni za a yi wa tsokana, ni da na kawo ta gidan nan a cikin kayan aurena.

Juma'a, da dare

Zan rubuta a hankali.

Da safe na ga yadda ya taso daga gado, na san yau ranar ƙi ce. Na riga shi shiga mota. Wannan karon bai ce in sauka ba, ya gaji da ni. Ya gyara madubi. Ya murɗa, shiru. Ya sake, shiru. Ya bugi sitiyari da tafin hannu.

Na ce, "Sake murɗawa."

"Ke kuma yau kin zama bakanike?"

"Taka, ka murɗa, ka riƙe."

Ya taka, ya murɗa. Na miƙa hannu na ɗora a kan gwiwarsa ta hagu, na danna da duk ƙarfina. Na ji ƙafar ta tafi ƙasa ba gardama, kamar ba mai ita a ciki.

Gimbiya ta yi tari ta kama.

Inji yana ta aiki. Ba wanda ya yi magana, dokarsa ta samu cika yau. Ya dubi hannuna a kan gwiwarsa. Ban ɗauke ba.

Can ya ce, "Ni ji nake na kai ta ƙasa."

Na ce, "Na sani."

"Wallahi ji nake na kai ta."

"Na sani, Malam."

Rabon da in ce masa Malam tun ina goyon Hukuma. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa ɗaya, ya ce tun kafin damina take yi masa haka, wani lokaci kamar an sa mata safa mai kauri, wani lokaci kamar ta maƙwabci ce aka ba shi aro. Ya ce ya ɗauka in bai kula ta ba za ta gaji ta bari.

Na ce, "Haka ka yi da ni, ga ni har yau."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Sannan ya ce, "In yaron nan ya haɗe wayar, ba wanda zai sani."

Na ce, "Ni na sani. Gimbiya ma ta sani. In ka haɗe mata baki, wa zai gaya maka ranar da bai kamata ka fita ba? Ni ba ka jin maganata."

Ya daɗe yana sauraron injinsa. Sai ya kashe, ya zare makullin, ya juya shi a hannu. Ya sauke gilashi ya ƙwala kira, "Ke guntuwa! Zo ki kai wani buhu asibiti."

Asabar, da yamma

Jiya mun wuni a asibiti. Takwara ta tuƙa, yana gefe yana faɗa mata ta bar hawa kan kuloci kamar kujerar gidansu. An ƙwanƙwasa masa gwiwa da ɗan guduma, an soka masa tsinke a tafin ƙafa ana tambaya ko ya ji, an sa shi a wani inji mai ƙara wanda ya ce bel ɗinsa ya saki. Likita ta faɗi sunan abin, dogo ne, bai zauna a kaina ba. Ta ce gara da aka zo yanzu. Ta ba da magani, ta ce akwai motsa ƙafa da zai riƙa yi kullum, tuƙi kuma a dakata har sai ta ce. Na tambaye ta zai dawo daidai? Ta ce mu ga yadda za ta yi. Su ma ashe kamar Bakanike suke.

Rewaya ya zo yau da abin naɗe wayarsa. Direba ya ce masa a bar waya yadda Allah ya yi ta. Bakanike yana tsaye, ya dubi sandar da muka zo da ita daga asibiti, ya dubi motar, ya dafe kai. Ya ce, "Maigida..." Direba ya ce, "Rufe mini baki. Batir ɗinka dai mai kyau ne."

Lahadi, bayan azahar

Hukuma ta zo da mai saye. Na bar uba da 'yarsa a falo, na tsaya a inda ake jin komai. Shi ya gaya mata da bakinsa. Sai na ji Hukuma tana jan hanci. Hukuma! Wadda ko ranar da aka yi mata allurar farko hararar malamar asibitin ta yi.

Ta ce, "To ai shi ke nan Baba, sai a sayar, tunda ba tuƙawa za ku yi ba."

Ya ce, "Kin ce in ba ta gyaru ba. Je ki murɗa ki gani. Lafiyarta ƙalau. In mai lalacewa za ki sayar, ga ni, ki tambayi mutumin naki ko yana so."

Na leƙo na ce ni ba zan bayar ba, na riga na saba da ƙararsa.

Mai saye ya sha ruwa ya tafi. Sharaɗin Hukuma, don dole sai ta sa sharaɗi: makulli a hannuna zai zauna. Takwara za ta riƙa kai shi benci kafin hutunta ya ƙare, bayan nan Bakanike ya ce hanyarsa ce.

Laraba, da safe

Mun sami sabuwar sana'a. Bayan ya gama motsa ƙafar da likita ta ce, sai mu fita. In ba shi makulli, ya shiga, in shiga. Ya gyara madubi. Ba inda za mu, gwaji ne kawai. In ta ƙi, in danna gwiwa, ta ɗumama, mu kashe.

Yau na danna.

Alhamis

Na danna.

Asabar

Na danna, amma kaɗan. Ya ce ban danna ba ma. Na bar shi.

Litinin

Na danna. Ya miƙo mini makullin ya koma ɗaki.

Laraba, da hantsi

Ya taka, ya murɗa, ta kama.

Ya juyo da sauri yana neman hannuna a gwiwarsa. Na ɗaga masa su biyu sama, kamar wadda aka tare a hanya.

Ya ce, "Shiru, ina sauraron inji."

Ya saurara har ya ƙoshi. Sannan ya kashe, ya miƙo mini makullin, ya zaga da sandarsa ya shiga ɗaya gefen, ya ƙwala wa guntuwa kira, wai ta yi sauri, tsofaffin can suna jira ya gyara musu labari.